Garin Bol Damina Biyu Gare Shi, Mu Daina Ƙirga Ɗaya

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan shafi namu domin in yi tsokaci a kan wata magana wadda kullum tana bakinmu a kara, amma ba mu cika ba ta haƙƙinta ba, wato maganar ruwa a garin Bol na ƙasar Cadi. Mu dai abin da muka saba, in an ce damina, to ido yana sama ke nan. Hadari ya taso, an yi ruwa, ciyawa ta fito, ruwa ya ɗauke, shi ke nan an rufe lissafi sai baɗi. Wannan lissafi daidai ne a Damagaram, daidai ne a Maraɗi da Katsina. Amma a Bol rabin lissafi ne, domin garin damina biyu gare shi. Akwai ta sama wadda kowa yake gani, akwai kuma ta ƙasa wadda take zuwa a ɓoye bayan an daina ganin ko ɗigon hadari. A nawa ra'ayi, wannan ta biyun ita ce ta fi taɓa aljihun falke, kuma ita ce muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ga wanda bai taɓa taka wurin ba, Bol shi ne babban birnin lardin Tafki, yana zaune a gaɓar gabas ta Tafkin Cadi, tafiyar sama da kilomita 300 ta hanyar mota daga Njamena, a bi ta Masaget da Masakori da Nguri. Gabansa ruwa ne da tsibirai barkatai, waɗanda asalinsu tuddan rairayi ne da ruwa ya zagaye, bayansa kuma rairayin Kanem ne har iya ganinka. Tashar jiragen ruwa ce, inda kwalekwale masu inji suke sauke kifi da hatsi da mutane, su ɗauki kayan masarufi su koma tsibirai. Yamma da shi akwai Baga Sola, wadda tun kaka da kakanni aka san ta da lodin kanwa. A gefen garin akwai fadamun da aka datse aka raba su da tafki, inda ake noman masara da alkama, waɗanda hukumar raya yankin tafki mai suna SODELAC take kula da su tun bayan kafa ta a 1967. Kanembu da Buduma su ne 'yan gida, ga kuma Larabawa da Fulani da Hausawa da Barebari, kowa da abin da ya kawo shi.

To bari mu fara da daminar sama. Gajeruwa ce ƙwarai. Akan ga hadari jefi-jefi a watan Yuni, amma ruwan kirki ba ya kankama sai Yuli, ya yi ƙarfi a Agusta, kafin ƙarshen Satumba kuwa ya yi sallama. In aka tara duk abin da ya sauka a shekara, a matsakaiciyar shekara bai wuce wajen milimita 300 ba, wato bai kai rabin abin da Kano take samu ba. Wata shekara ya fi haka nesa, wata shekara kuma ko rabinsa ba a gani, domin ruwan wannan yanki ba shi da alkawari. Ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauye, maƙwabcinsa da ke tafiyar rabin yini ko ƙura ba ta kwanta ba. Saboda haka in wani ya ce maka "an yi ruwa a Bol", tambaye shi a wane gefe, kuma kwana nawa aka jera ana yi.

Yadda ruwan yake zuwa ma abin lura ne. Galibi daga gabas hadarin yake tasowa, da la'asar sakaliya ko cikin dare, kuma iska mai ƙura ce take yi masa jagora. Kafin ka ce kwabo gari ya yi duhu, iska ta kaɗa, sannan ruwa ya zuba na sa'a ɗaya ko biyu ya wuce. A tudu wannan ba komai ba ne illa jiƙewa. A kan tafki kuwa magana ce ta rai da mutuwa, domin tafkin faɗi gare shi ba zurfi ba, kuma ruwa marar zurfi da iska ta taɓa shi sai igiya ta tashi nan da nan. Jirgin da aka labta wa awaki da tumaki da buhuna har bakinsa ya kusa shan ruwa, ba ya buƙatar babbar igiya. Sannan akwai dunƙulen ciyawa masu yawo a kan ruwa, waɗanda mutanen wurin suke kira kirta, wani ya kai girman gona. Iska takan turo su cikin dare su toshe mashigin da aka bi jiya lafiya lau, sai jirgi ya kwana biyu yana neman hanya. A tudu kuma, ruwan sama aboki ne a kan rairayi, don yakan danne shi mota ta ji daɗin tafiya, amma a kwari mai laka maƙiyi ne, inda babbar mota takan kafe har sai an sauke kaya. Direban da ya san hanyar zai gaya maka haka.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa. Zafin rana da iskar hunturu suna shanye fiye da mita 2 na ruwa daga fuskar tafkin a kowace shekara. Sama kuwa tana zuba masa wajen kashi ɗaya cikin bakwai na wannan. To da me tafkin yake rayuwa? Amsa ita ce da ruwan wata ƙasa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna suke kawo masa, kogin Shari ne da ƙaninsa Logon suke kawowa. Shari daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya yake tattaro ruwansa ya biyo ta Sar, shi kuma Logon daga tsaunukan Adamawa na Kamaru da maƙwabtansu, ya biyo ta Mundu da Bongor, su haɗu a Njamena daura da Kusiri, sannan su gangara tafki tare. A can kudancin ana samun ruwan sama milimita 1,000 ko fiye, kuma daminarsu ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba. Kogin Komadugu Yobe, wanda yake ɗauko ruwan ƙasar Kano da Bauci ya bi ta Difa ya shiga tafkin ta arewa, nasa ɗan kaɗan ne in an kwatanta. Ashe ke nan hadarin da ya kamata falken Bol ya sa wa ido, ba a samaniyar Bol yake ba.

Shi kuma wannan ruwa ba da gudu yake zuwa ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kogunan sukan tumbatsa su malala cikin fadamu masu faɗi, su cika su tukuna, sannan abin da ya rage ya ci gaba da tafiya a hankali. Ruwan da ya sauka a kudu a Agusta da Satumba, ba ya kai ƙololuwarsa a Njamena sai wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Daga nan ya shiga tafki ya riƙa bazuwa tsakanin tsibirai da ciyayi, har ya zama cikar tafki a gefen Bol takan faɗo a Disamba ko Janairu. A shekarar da ruwa ya yi yawa, sai ya tsallake tudun da ya raba tafkin biyu ya wuce kwarin arewa, ta wajen Gigimi a Nijar, wanda nasu cikar takan zo bayan ta Bol. Ka ji daminar ƙasa ke nan. Tana zuwa cikin hunturu, sama wasai ba gajimare, mutane suna jin ɗumi da safe, hazo ya rufe gari, ruwa kuwa yana hawa taku bayan taku.

Nan ne fa ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa. Mutum ya zo a Oktoba, ya ga damina ta wuce, ya ga kwari shar da ciyawa, ya sayi shanu ya tara a wurin yana jiran su cika adadi ko yana jiran mota. Mako biyu, mako uku, sai makiyayinsa ya aiko cewa burtalin da suka shigo ta kai ya zama ruwa, makwancin shanu ya zama caɓi, dole a tashi. Tashin gaggawa kuwa kowa ya san kuɗinsa: a biya jirgi ko a yi zagaye mai nisa, a ratsa gonakin mutane a biya ɓarna, shanu su yi kwanaki ba su ci sun ƙoshi ba, naman da aka saya da tsada ya zube a hanya. In aka isa kasuwa a haka, ai mai saye ba makaho ba ne. Shi zai yanka farashi, kai kuma ba ka da bakin ja, don ka riga ka ƙosa. Kuma sau da yawa kuɗin nan ba na falke kaɗai ba ne, akwai na amana a ciki, akwai bashin da aka ɗauko da alkawarin ranar biya.

Shekarun baya-bayan nan sun isa su zama darasi. A 2022 kogin Shari ya haura mita 8 a ma'aunin Njamena, unguwanni suka nutse a can da Kusiri, har shugaban ƙasa Mahamat Idris Debi ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliya a ranar 19 ga Oktoba. A 2024 abin ya fi haka muni. Ƙididdigar hukuma ta nuna ambaliyar ta shafi mutum sama da miliyan 1.9 a dukkan larduna 23 na Cadi, mutum 576 suka rasu, aka yi asarar dabbobi sama da 72,000, kuma lardin Tafki yana kan gaba cikin waɗanda abin ya fi shafa. A wannan shekarar dai, ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, garin da shanun wannan yanki suka saba sauka. Wato a shekara ɗaya ruwa ya tare mu a masaya, ya tare mu a hanya, ya kuma tare mu a kasuwa. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a shekarun nan biyu duka an riƙa faɗin awon kogin Shari a rediyo makonni kafin ruwan ya iso gaɓar Bol. Labari yana nan, mu ne ba mu da hanyar da za ta kai shi kunnen mai kore a daji.

Akwai kuma wata tsohuwar magana da take ƙara rufe mana ido, wato cewa Tafkin Cadi ya ƙafe. Maganar tana da tushe, ba ƙarya aka ƙaga ba. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, farin 1984 ya ƙara matse shi, kwarin arewa ya yi ta bushewa ƙurmus, Gigimi da take bakin ruwa ta wayi gari ruwa ya yi mata nisa. Dattawanmu sun ga wannan da idonsu, sun ga shanu suna faɗuwa, ga kuma bushiya da ta auka wa garkuna a farkon shekarun 1980. Wanda ya ga irin wannan ba ya mantawa. To amma lokaci bai tsaya a 1984 ba. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara farfaɗowa a yankin, kuma binciken da masana suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa a shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, ɓangaren kudu inda Bol take ya tsaya da ƙafafunsa. Abin da tafkin yake yi shi ne numfashi, ya cika ya janye a cikin shekara, ya kuma yi shekarun ƙoshi da shekarun yunwa.

Illar riƙe tsohuwar magana ita ce mutane sun saki jiki a cikin gadon tafki. An kafa ƙauyuka, an yi gonaki, an kafa turaku da ƙananan kasuwanni a wuraren da kakanninmu suka sani ruwa ne. Ranar da mai wuri ya dawo, ai dole mai tabarma ya naɗe. Haka kuma manyanmu sun daɗe suna taro a kan yadda za a janyo ruwa daga kogunan Kwango a zuba wa tafkin, har an yi babban taro a Abuja a watan Fabrairun 2018 a kan haka. Ba na raina tunanin kowa, amma mu da muke cin abinci a bakin wannan ruwa, buƙatarmu ta yau ba ta kai tsadar wannan ba. A gaya mana ruwan da ya riga ya taso yana hanya, nawa ne, kuma yaushe zai iso.

Kada wani ya ɗauka ina kukan ruwa ne. Ko kusa. Daminar ƙasa ita ce arzikin Bol, ita ce ma dalilin da ya sa ake zuwa can neman shanu. Daga wajen Fabrairu ruwa yakan fara janyewa, duk inda ya bari kuwa sai ɗanyar ciyawa ta biyo baya, a ci gaba da haka har bazara. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, shanun tudu sun rame haƙarƙari a waje, masu su suna ta sayen dusa da angurya, a bakin tafki dabba tana kiwo a kore. Gwargwadon yadda ruwa ya hau a Disamba, gwargwadon faɗin makiyayar da zai bari a bazara ke nan. Ga kuma wani lissafi: babbar salla ta faɗo a farkon Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Ma'ana, shekaru masu zuwa kasuwar layya za ta riƙa faɗowa a tsakiyar bazara da ƙarshen rani, daidai lokacin da dabba mai ƙiba take wuyar samu a ko'ina in ba a bakin ruwa ko a turken mai kiwon gida ba. Falken da ya san yadda tafki ya cika a hunturu, ya riga ya san inda zai samu kaya masu kyau wata huɗu kafin abokin takararsa ya farga.

Sai dai kowace damina da cutarta, kuma mai saye ya kamata ya san wadda yake saye a ciki. Daminar sama ita take kawo bobuwa da sauro, har su hana dabba kiwo da rana, shi ya sa za ka ga makiyayan tsibirai suna turara hayaƙi a makwanci, wasu kuma su fitar da garke zuwa tudu sai ƙwari sun lafa. Cizon ƙudan nan yana iya yaɗa sammore daga dabba zuwa dabba. Daminar ƙasa kuwa tata ita ce ciwon hanta, wanda tsutsarsa take rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwa marar gudu, dabba ta haɗiye ta tare da ciyawa. Saniya tana iya yin kyau a ido, sai mahauci ya buɗe ya tarar hanta ta lalace, gobe kuma ya tuna daga hannun wa ya saya. Shanun Kuri, fararen nan marasa tozo masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda Buduma suke kiwo, su 'yan ruwa ne, sun iya iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Amma a tudu ba su da juriyar doguwar tafiya da ƙishirwa kamar jajayen Bororo ko na Larabawa. Wanda ya haɗa su a kore ɗaya ya ce su yi tafiya ɗaya, shi ya so.

Daɗin daɗawa, hanyoyinmu sun ragu. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako gefen Cadi a 2015, tsibirai da yawa sun zama wuraren da makiyayi ba ya shiga da kwanciyar hankali, kuma ƙetare tafki kai tsaye zuwa Baga ta Najeriya, wadda da ita ce gajeruwar hanya, ya zama abin da ake tunani sau biyu. An koma dogaro da zagaye, ko dai ta kudu a bi Masakori zuwa Njamena, a haye gadar Ngeli zuwa Kusiri, a miƙe Fotokol da Gamborun Ngala, ko kuma ta arewa a bi ta Gigimi da Difa. To duba ka gani, hanyar kudu tana ratsa bakin Shari da Logon da ƙasar laka wadda ruwa yake kwanciya a kanta, ta arewa kuma tana bin gefen Komadugu, wanda shi ma yakan cika ne bayan damina. Da, in ruwa ya tare nan sai a bi can. Yanzu wurin kaucewa ya yi kaɗan, garkuna sun cunkushe a 'yan tuddan da suka rage, rigima da manoma ta ƙaru. Wannan ya sa sanin lokacin ruwa ya fi muhimmanci a yau fiye da zamanin iyayenmu.

Na san wani zai ce, "Haba Alhaji, iyayenmu sun yi fatauci shekara da shekaru ba su san wani ma'auni ba, kuma sun yi arziki." Gaskiya ne ba su san mita ba, amma ba da ka suke tafiya ba. Suna da fatoma a kowane zango, suna zama da masunta da matuƙan jirgi su ji inda ruwa ya kai, suna da alamominsu na itace da tudu, kuma ba sa gaggawa, tafiyar wata biyu ba ta dame su ba. Mu ne muka zo da mota da waya, muka ɗauko saurin muka bar tambayar. Wani kuma zai ce ruwa na Allah ne, ba mai sanin gobe. Haka ne, ba musu. Amma ruwan da nake magana a kai ba na gobe ba ne, na jiya ne. Ya riga ya sauka a Mundu da Sar, an gan shi, an auna shi, yana tafe a kan hanya kamar yadda garke yake tafe. In aka ce maka shanu dubu sun baro Masakori, ba duba ka yi ba in ka ce za su iso.

Game da hasashen masana kuwa, wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai take fitarwa tare da hukumomin yanayi na ƙasashenmu wajen watan Afrilu, ana cewa damina za ta yi yawa ko za ta yi ƙaranci, wannan na yarda yana iya kuskurewa, musamman in ana maganar gari ɗaya. A saurare shi a matsayin shawara, kada a ɗora dukiya a kansa shi kaɗai. Awon kogi a Oktoba daban yake, shi shaida ne.

Saboda haka ga abin da nake ba shugabanninmu shawara, kuma ba abu ne mai cin kuɗi ba. Na farko, a samu mutum ɗaya amintacce cikin 'yan'uwanmu mazauna Njamena ko Kusiri, wanda daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Disamba aikinsa shi ne ya samo awon kogin Shari sau ɗaya a mako daga ma'aikatar ruwa, ko daga Hukumar Tafkin Cadi wadda aka kafa tun 1964 kuma hedikwatarta tana nan Njamena. A samu wani a Bol, wani a Baga Sola, wani a Difa, su faɗi inda ruwa ya kai a nasu gefen. A haɗa a aika ta waya da murya, cikin Hausa da Larabci da Fulatanci da Barbarci, domin mai kore ba takarda yake karantawa ba. Kuma kada a ce masa mita kaza kawai, a ce masa ya fi na bara ko bai kai ba, ya kusa na 2022 ko da saura. Wannan shi ne yaren da kowa yake ji.

Na biyu, a zauna da sarakuna da hukumomin yankin tun da rani, a keɓe tuddan da kowa ya shaida ruwa bai hau su ba a 2022 da 2024, su zama wurin tara shanu da lodi, a kuma tabbatar burtalin da yake kaiwa gare su a buɗe yake ba a nome shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ruwa ya zo ba lokacin neman izini ba ne. Na uku, mu yi wa kanmu doka a kan jirgi: ba lodin dabbobi da yamma daga Yuni zuwa Satumba, a tashi da sassafe, kuma in matuƙi ya ce kaya sun isa, to sun isa. Ribar akuya biyar da aka ƙara ba ta kai ran yaron da yake riƙe da su ba. Na huɗu, duk dabbar da aka saya a bakin ruwa a nemi likitan dabbobi ya ba ta maganin hanta, a kuma kiyaye kwanakin da ya ce a jira kafin a yanka. Sunan kasuwa ya fi ribar kwana ɗaya.

Wannan tsari ba don shekarar ambaliya kaɗai zai yi amfani ba. Fari zai dawo, domin halin wannan ƙasa ke nan, ba a taɓa yin zamanin da bai dawo ba. Ranar da aka ji cewa Nuwamba ta shiga Shari bai tashi yadda ya saba ba, to an san makiyayar bazara za ta yi ƙunci, makiyaya za su fito da dabbobi da yawa kasuwa, farashin dusa zai hau, na shanu zai faɗi. Mai hankali sai ya sayi abincin dabbobi da wuri, ya rage abin da yake riƙe da shi, ya kuma gaya wa makiyayan da yake hulɗa da su gaskiya su sayar tun dabba tana da nama. Ƙidayar dabbobin da Cadi ta kammala a 2015 ta samu kusan kai miliyan 94, shanu kaɗai sun kusa miliyan 25. Dukiya irin wannan ba a barin ta a hannun "an ce".

Ina fatan wakilanmu za su sa wannan magana cikin jerin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba, tun kafin Satumba ta ƙarato, kuma 'yan'uwa na Bol da Baga Sola da Gigimi waɗanda suka fi ni sanin gaɓar nan taku-taku su aiko da nasu bayanin a wannan shafi, musamman sunayen tuddan da ruwa bai taɓa hawa ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, ta sama da ta ƙasa, Ya tsare mu da dukiyarmu a ruwa da tudu, amin.